BIRKIN SALANSA: AMSA GA WANI MAI A-KORI-KURA

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon jiya akwai wata daga wani bawan Allah mai jigilar dankalin Turawa daga Bokkos, cikin Jihar Filato, zuwa kasuwannin Abuja. Ya ce yana da a-kori-kura mai shan man dizal, kuma sau biyu ke nan cikin shekara guda birki yana yi masa gardama a gangaren Hawan Kibo. Na biyun, in ji shi, sai da ya danna ƙafa har ƙasa bai ji komai ba, Allah ne kaɗai ya yi da sauran kwana. To, ya ga abokansa masu Kanta suna da wani abu da suke ja a gefen sitiyari, mota ta yi gurnani ta rage gudu ba tare da an taka birki ba, kuma wani mai walda ya ce zai haɗa masa irinsa da araha. Tambayarsa ita ce, ya yarda ko kada ya yarda?

Amsa a taƙaice ita ce kada ya yarda da na mai walda. Amma da yake maganar ta shafi rai, kuma ba shi kaɗai ke bin irin waɗannan hanyoyi ba, ya kamata mu warware ta sosai. Duk wanda ya taɓa saukowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe da lodi, ko ya gangara Ugwu Onyeama a bakin Inugu, ya san warin nan na birki in ya fara ƙonewa, ya kuma san shirun da ke sauka a cikin mota idan fasinjoji suka ji shi.

Bari mu fara da abin da ke cin birki a gangara. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi. Motar da ta kai tan 3 da kayanta, idan ta sauko tudu mai tsawon mita 500 daga sama zuwa ƙasa, zafin da za a kawar kafin ta iso lafiya ya isa ya tafasa ruwan sanyi fiye da lita 40. Wani kaso iska ce ke ɗauke shi, wani tayoyi, amma mafi yawansa yana taruwa ne a 'yan ƙarafan da ke cikin ƙafafun mota, waɗanda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Idan suka yi zafi fiye da kima, fatar birki, watau abin nan da ke matse ƙarfen ƙafa, sai ta yi santsi ta daina kamawa. Kana kuma ga man birki. Sabon mai irin wanda ake rubuta wa DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma man birki yana shan laima daga iska, kuma wanda ya tsufa ya sha ruwa yana iya tafasa tun a digiri 140. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Abin da ya sami mai wasiƙarmu ke nan ranar da ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ba asiri aka yi masa ba, man da ya shekara biyu ko uku ba a canza ba ne ya dafu.

Wani zai ce, to ai sai a sa ƙaramar giya, inji ya riƙe mota. Gaskiya ne, amma a nan ne motar fetur da ta dizal suka sha bamban. Injin fetur yana da wani ɗan murfi a maƙogwaronsa, wanda ke rufe hanyar iska da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Inji sai ya zama kamar mutumin da aka toshe wa hanci yana ƙoƙarin jan numfashi, wannan wahalar kuwa ita ce ke riƙe mota. Injin dizal na asali ba shi da wannan murfi, maƙogwaronsa a buɗe yake ko da yaushe, yawan mai kawai totur ke ƙarawa ko ragewa. Fistin yana matse iska da ƙarfin gaske in zai hau, amma in zai sauko iskar nan sai ta mayar masa da mafi yawan ƙarfin da ya kashe, kamar yadda baka ke mayar wa maharbi da ƙarfin da ya ja tsirkiya da shi. Saboda haka motar dizal, duk da ƙarfin janta a hawa, riƙonta a gangara kaɗan ne in aka gwada da nauyin da take ɗauka.

Wannan matsala ta daɗe tana damun masu ƙera injuna. A shekarar 1931 wani Ba'amurke mai suna Clessie Cummins, wanda kamfanin injunan Cummins ya ci sunansa, ya tuƙo babbar mota mai injin dizal daga Niyok zuwa Los Anjalis domin ya nuna wa duniya ingancin injinsa. Da suka zo gangaren Cajon a Kalifoniya sai birki ya ƙi, mota ta kwaso da gudu, ga kuma jirgin ƙasa yana ratsa hanya a ƙasa. Da ƙyar wutsiyar jirgin ta wuce kafin su iso. Mutumin nan bai manta da wannan rana ba, har sai da ya ƙago birkin da ke aiki a cikin kan inji, wanda kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Dabararsa ita ce a buɗe bawul ɗin fitar hayaƙi daidai lokacin da fistin ya gama matse iska, iskar ta fice da ƙara, ba ta sami damar mayar da ƙarfin ba. Shi ne ƙarar nan kamar ta bindiga mai jigida da ake ji daga wasu tireloli in suna gangarowa, har ya sa garuruwa da dama a Amurka suka kafa alluna na hana amfani da shi a cikin gari.

Na kawo wannan labari ne domin kada a rikita abubuwa biyu. Wancan birkin manyan motoci ne, a cikin inji ake gina shi, ba a kuma samunsa ga ƙananan injunan a-kori-kura irin namu. Wanda mai wasiƙa ya gani a Kanta ƙanensa ne, shi ake kira birkin salansa. Ba wani abu ba ne illa faifan ƙarfe da aka sa a cikin bututun hayaƙi, a kan sanda mai juyawa. In an buɗe, faifan yana kwance hayaƙi na wucewa. In an rufe, sai ya tare hanya, hayaƙi ya taru a baya, fistin ya riƙa turawa da ƙyar, mota ta rage gudu. Watau abin da injin fetur ke yi da hanci, shi wannan yana yi ne da baki. Tsofaffin direbobin Marsandi 911 sun san shi sarai, domin maɓallinsa a ƙasa yake, da ƙafa ake takawa.

To, tun da abin faifai ne kawai cikin bututu, me zai hana mai walda ya yanka ƙarfe ya haɗa? Ga inda gizo ke saƙa. Iskar da aka tare ba ta tsaya ga tura fistin kaɗai ba, tana kuma danna bawulolin fitar hayaƙi daga bayansu, tana neman buɗe su. Abin da ke riƙe kowane bawul a rufe shi ne sifirin, kuma kowane sifirin yana da iyakar abin da zai iya jurewa. Idan matsin ya fi ƙarfinsa, bawul zai leƙo cikin silinda a lokacin da bai kamata ba, fistin kuwa yana tahowa da gudu. In suka yi karo, bawul ya lanƙwashe ko ya karye, fistin ya fashe, wani lokaci har kan inji ya tafi. Wanda ya je neman sauƙin kuɗin fatar birki sai ya koma neman kuɗin sabon inji, kuma a tsakiyar gangara abin zai same shi. Domin haka ne kowane birkin salansa na kamfani yake da 'yar ƙofa da aka huda a jikin faifan, ko kuwa wani ɗan bawul mai sakin iska in matsi ya kai iyaka, kuma girman wannan ƙofa an auna shi ne daidai da inji guda, ba kowane inji ba. Mai walda, komai gwanintarsa, ba shi da wannan awo. In ya huda babba, birkin ba zai riƙe komai ba, in ya huda ƙarama, ya kashe inji.

Misali mafi bayyana yana Amurka, inda manoma da masu jan tirelar dawaki suka daɗe suna sa wa manyan a-kori-kurarsu wannan na'ura. Tun 1989 kamfanin Dodge ya fara sa injin Cummins mai lita 5.9 a motocinsa. Na farkon, mai bawul 12, sifirin ɗinsa na asali ba ya son matsin da ya wuce 35 zuwa 40, da irin awon nan da mai faci ke auna iskar taya. Wanda ke son cikakken riƙo sai ya fara canza sifirin zuwa masu ɗaukar 60. Da aka fito da mai bawul 24 a 1998, shi yana ɗaukar 60 ɗin ba tare da an canza komai ba. Ka ga inji ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, amma birkin da ya dace da wannan zai iya lalata wancan. Kamfanoni irin su Pacbrake da BD da Banks, waɗanda suka yi suna a wannan sana'a, ba sa sayar maka sai ka faɗi shekarar mota da irin inji da irin giya. Daga 2007 Dodge ta huta da wannan duka, domin sabon injinta mai lita 6.7 ya zo da turbo mai iya tsuke bakinsa da kansa, watau birkin yana cikin turbo ɗin tun daga masana'anta. Ford da General Motors suka bi sahu a motocinsu na 2011.

Saboda haka tambayar farko da mai son saye zai yi ba ta kuɗi ba ce. Ya tambaya, an yi wannan ne domin injina? Nawa ne iyakar matsin da injina ke ɗauka, kuma a ina aka rubuta? Idan mai sayarwa ya ce ai duk ɗaya ne, kowace mota yana shiga, to a yi masa sallama. Haka kuma wanda zai cire na tsohuwar Kanta a kasuwar kayan gyara ya ɗaura wa Hilux, ya sani cewa ƙofar faifan an auna ta ne da injin da ya fi nasa girma da yawan hayaƙi. Zai yiwu ya ji gurnani ya yi murna, alhali riƙon bai taka kara ya karya ba, daga nan sai bakanike ya ce bari a ɗan toshe ƙofar, shi ke nan an koma gidan jiya. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, waɗanda ke mayar da wani kason hayaƙi cikin inji ko suke da matatar baƙin hayaƙi a salansa, ra'ayina shi ne kada a taɓa su sam, sai da kayan da aka yi musamman dominsu.

Sai maganar giya. Mai giyar hannu ba shi da damuwa, domin in kuloci ya kama, inji da ƙafafun baya a haɗe suke. Mai giya otomatik kuwa, tsakanin injinsa da giyarsa mai ne ke tura mai, sai in an kulle su wuri guda. Idan babu abin da zai sa wannan makulli ya kama a lokacin da birkin salansa ke aiki, riƙon ba zai isa ƙafafu sosai ba, zai ƙare ne wajen dafa man giya. An cece birki an kashe giya, ita kuwa ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Idan an sami wanda ya dace, saura ɗaurawa. Iri biyu ne, akwai wanda ake ɗaurawa a bakin turbo kai tsaye, akwai wanda ake yanka bututu a sa shi a tsakiya. Na bakin turbo ya fi saurin kamawa, domin wurin da iska za ta cika kaɗan ne, kuma mahaɗan da za su iya yoyo ba su da yawa. Na tsakiyar bututu ya fi sauƙin samun wuri, amma a matso da shi kusa da inji iyakar iyawa. Duk abin da ke tsakanin inji da faifan nan, daga yau ya zama tukunyar matsi. Gaskit ɗin da ke ɗan huci ba a damu da shi ba, yanzu zai fashe. Waldar da aka yi ta shafa-shafa za ta buɗe. Bututun nan mai lanƙwasa kamar maƙogwaron rago bai kamata ya kasance a gaban faifan ba, sai a bayansa. A kuma yi wa na'urar mariƙi nata na kanta, domin tana da nauyi, kuma hanyoyinmu ba sa tausayin abin da ke reto.

Abin da ke juya faifan, ko dai iska ce mai turawa daga wani ɗan famfo da ake ƙarawa, ko kuwa zuƙa. A nan akwai wani haɗari da ban cika jin bakanikai suna ambata ba. Yawancin ƙananan motocin dizal suna da famfon zuƙa guda ɗaya, kuma shi ne ke taimakon ƙafar direba in ya taka birki. Wanda ya tsaga wannan tiyo ya ja reshe zuwa birkin salansa ba tare da bawul mai hana komawa ba, ranar da reshen ya tsage saboda zafin salansa, birkin ƙafa ma zai yi tauri kamar dutse. An je ƙara birki na biyu an raunana na farko. A nisanta tiyo da waya daga bututu mai zafi, a sa musu kariya, kada kuma a bar na'urar a inda taɓo da ruwan damina za su riƙa dukanta.

Wayoyin kuma dole a haɗa su yadda faifan zai buɗe da kansa da zarar an taɓa totur, haka nan in an taka kuloci, haka nan in wuta ta yanke. Ba abu ne da za a bar wa tunanin direba ba. Mutumin da ya ba inji mai alhali salansa a toshe, zai ga baƙin hayaƙi, zafi ya hau, inji ya shaƙe, watakila a daidai lokacin da yake ƙoƙarin wuce tirela. Bayan an gama duka, a ɗaura agogon awon matsi a 'yar ƙofar da ake bari domin haka, a fita hanya, a duba abin da allura ta nuna a lokacin da inji ke juyi mafi sauri. Bakaniken da ya ce shi da kunne yake aunawa, a gode masa a nemi wani.

Wani abu da ke ba sababbin masu shi mamaki shi ne, ƙarfin birkin salansa yana bin saurin juyin inji ne. In kana giya ta biyar inji na juyi a hankali, ko ka ja shi ba za ka ji komai ba. Sai ka sauko ta uku ko ta biyu, inji ya ɗaga murya, sa'an nan zai kama, amma a sa ido kada allura ta shiga ja. Tsohuwar ƙa'idar direbobi tana nan daram, giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, kuma tun a saman tudu ake zaɓenta, ba bayan mota ta ɗauki gudu ba. Masu sa mota a firi domin tsimin mai kuwa, su babu na'urar da za ta yi musu amfani, domin sun raba inji da ƙafa da hannunsu. Abin takaicin ma shi ne, injin dizal da ke gangarowa cikin giya, ƙafa a ɗage, kusan ba ya shan mai ko kaɗan, alhali wanda ke firi yana shan na zaman banza.

A kuma tuna cewa riƙonsa ƙafafun da inji ke ja kaɗai yake kamawa, watau na baya. Idan bayan mota babu kaya, ga ruwan sama ko jan taɓo irin na Mambila, ƙafafun baya suna iya sulɓewa mota ta juya. A irin wannan hali a kashe shi. Bugu da ƙari, a motoci da yawa ba ya kunna jar fitilar baya, don haka wanda ke bin ka bai san ka rage gudu ba, sai a riƙa ɗan taɓa birkin ƙafa domin a sanar da shi. Faifan da aka daɗe ba a motsa ba kuma, baƙin hayaƙi yakan daskare a sandarsa ya cije, saboda haka ko ba a gangara ba, a riƙa rufe shi ana buɗewa sau da yawa a mako.

Na taɓa shiga wata a-kori-kura daga Jos lokacin ina ɗalibi, muka tsaya a gindin Hawan Kibo, ƙafafun gaba suna hayaƙi. Yaron mota ya sa weji, ya ɗebo ruwa a galan ya sheƙa musu, suka yi ƙara kamar an jefa ƙosai a mai, direba yana ta yaba masa. A lokacin ni ma na ɗauka dabara ce. Sai daga baya na gane ƙarfe mai zafi da aka sheƙa wa ruwan sanyi yakan karkace ko ya tsage, kuma motar nan da aka yi ta domin kayan tan guda ko kusa da haka, abin da ke bayanta ya ninka wannan, ban da mu da ke zaune a kan buhuna.

Wannan ya dawo da ni ga mai wasiƙa. Malam, a wasiƙarka ka faɗi sunan motarka amma ba ka faɗi buhu nawa kake ɗora mata ba, ni kuwa ina zaton amsar tana nan. Kafin ka kashe ko kwabo a kan birkin salansa, ka zubar da man birkinka gaba ɗaya a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a duba fatun gaba da na baya, domin sau da yawa na baya sun daɗe da daina kamawa, na gaba ne ke aikin mutum huɗu. Ka rage lodi, ko da zai sa ka ƙara sawu ɗaya a mako. Ka tsaya a saman Kibo ka sa ta biyu, ka bar masu gaggawa su wuce. Bayan wannan duka, idan ka sami na'urar da aka yi domin injinka, da takardar da ta nuna iyakar matsinsa, da bakanike mai agogon awo, to ka ɗaura, za ka ga fatun birkinka sun daɗe, ƙafafunka kuma sun iso Akwanga da sanyinsu. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ka bar salansarka yadda kamfani ya yi ta. In kuwa sana'ar ta bunƙasa har lodin ya fi ƙarfin a-kori-kura, Kantar da ka gani wurin abokanka da nata birkin ta zo daga masana'anta.

Ka sake rubuto mana da lambar injin, tana nan a buge a jikinsa. Masu tambaya a kan tayoyin da suka kwana biyu a ajiya kuma su yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.